Awon Jinkar Kwano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya ratsa ta Kazaure, ya ga ɗakuna masu rufin kwano jere a gindin duwatsu. Ku dubi jinka guda da kyau. Gabanta alwatika ne, wato siffa mai kusurwa uku, bayanta ma haka, sa'an nan kwano ya gangaro dama da hagun. Masu ilmin lissafi suna kiran wannan siffa firizim. Fuskokinta biyar ne: alwatika biyu, da shimfiɗa uku masu kusurwa huɗu. Alwatikan nan shi ake kira gindi, ko da yake a jinka tsaye yake, bai kwanta ƙasa ba.

Wata rana ina rangadin makarantu a ƙasar Roni, sai na tarar da wani ɗaki an rufe shi rabi da rabi, ga hadari yana haɗuwa. Na tambaya, aka ce kwano ne ya ƙare. Ashe kuskuren awo ne, bari ku ga inda aka ɓata.

Tsawon ɗakin ƙafa 20, faɗinsa 16. Daga kan bango zuwa ƙololuwar jinka, in aka auna a miƙe sak, ƙafa 6. Amma in aka bi gangaren, ƙafa 10.

Mu fara da gindi. Faɗi sau tsayi, a raba biyu: 16 sau 6, 96 ke nan, rabinsa 48. Wato kowane alwatika murabba'in ƙafa 48 ne. Don me ake rabawa? Ku yanke takarda mai kusurwa huɗu daga wannan kusurwa zuwa waccan da ke dubanta, za ku sami alwatika biyu daidai wa daida. Ku lura fa, tsayin da ke miƙe ake ɗauka a nan, ba gangare ba.

Wajen kwano kuwa gangaren ake bi, gama bisansa kwanon zai kwanta. 10 sau 20, 200. Gefe biyu, 400. To, wanda ya yi lissafin ɗakin nan 6 ya ɗauka maimakon 10, ya sami 240. Saura 160 babu rufi, ga damina ta kawo kai! Gwanin kafinta ma yakan ƙara a kan 400 ɗin, don fallen kwano yakan hau kan ɗan'uwansa, ga kuma bakin da ke zarce bango.

Fuska ta biyar ita ce silin: 16 sau 20, 320. In an tara duka, 96 da 400 da 320, sun zama murabba'in ƙafa 816.

Yanzu sai ku gwada. Ga rumfa a kasuwar Babura, tsawonta ƙafa 30, faɗinta 24, tsayin jinkarta a miƙe 5, gangarenta 13. Murabba'in ƙafa nawa ne kowane alwatika? Nawa kwano zai rufe?