Saita Wa'adin Ajiye Alƙaluman Layinka Tun Ranar Farko

Ranar da aka girka manhajar sa ido kan zirga-zirgar bayanai a ofis, hankalin kowa yana kan zanen da ya fara fitowa a allo, kore na abin da ke shigowa, shuɗi na abin da ke fita. Ba kasafai ake buɗe shafin da ke faɗin kwana nawa za a ajiye alƙaluman ba, balle a duba yadda za a dunƙule su in sun tsufa. Sai bayan wata uku a ce maka layi ya cushe wata Talata da hantsi, ka koma ka duba, ka tarar da zanen a kwance lafiya lau. Ma'aikata gaskiya suka faɗa. Manhajar ce ta share shaidar, kuma da yardarka ta share, tunda ka bar ta a kan saitin da ta zo da shi.

Tsarin ya samo asali daga MRTG, wadda Tobias Oetiker ya fitar a 1995, sannan ya biyo da RRDtool a 1999, wadda Cacti da wasu manhajoji da dama ke ajiya da ita har yau. Fayil ɗin ajiyarta ba ya ƙara girma. Sabon alƙalami yana hawa kan mafi tsufa, kuma kafin tsohon ya ɓace sai a haɗa shi da maƙwabtansa a fitar da matsakaici. A saitin da Cacti ta saba zuwa da shi, ana karanta layi duk minti 5 a ajiye guda 600, wato awa 50 ke nan kacal. Bayan haka sai matsakaicin minti 30 na kimanin mako biyu, sai na awa 2 na kimanin wata biyu, sai na yini guda na kimanin shekara biyu.

Duba abin da wannan ke yi wa gaskiya. A ce layinka megabit 100 ne a sakan, ya cika maƙil na minti 10, sauran lokaci kuma yana tafiya a kan 10. A zanen ranar za ka ga tsini ya taɓa sama. In an dunƙule shi cikin awa 2 zai koma 17.5. In an dunƙule cikin yini guda bai kai 11 ba. Wanda ya ɗauki zanen shekara ya shiga taron kasafin kuɗi da shi zai rantse cewa kashi ɗaya cikin goma na layin ake amfani da shi, alhali kullum da safe mutane na zaune suna jiran shafi ya buɗe. Kamar a auna zurfin kogi a matsakaici ne a ce iya gwiwa yake, ga shi akwai gurbin da ya fi ƙarfin mutum a tsakiya. Kuma in an riga an dunƙule, babu dabarar da za ta dawo da abin da aka zubar.

Don haka abu na farko, tabbatar ana ajiye ƙololuwa tare da matsakaici a kowane mataki. A RRDtool sunansu MAX da AVERAGE. Ajiyewa kaɗai ba ta wadatar, domin zane da yawa matsakaici kawai suke nunawa ko da ƙololuwar na cikin fayil. Ƙara mata layinta a zanen mako, wata da shekara. A MRTG saitin WithPeak ne ke yin wannan.

Na biyu, tsawaita wa'adin alƙaluman minti 5, musamman idan kamfanin da ke ba ka intanet yana lissafin kuɗi da tsarin nan na kashi 95. A wata mai kwana 30 ana samun karatu 8,640. Ana jera su, a zubar da kashi 5 mafiya girma, wato 432, daidai da awa 36, sannan a caje ka a kan mafi girman abin da ya rage. Ba za ka iya binciken wannan lissafi da matsakaicin awa 2 ba, sakamakonka zai saɓa da nasu, kuma ba ka da abin riƙewa in gardama ta tashi. Ajiye aƙalla kwana 40, layuka 11,520, don takardar biyan kuɗi ta same ka da cikakken wata a hannu. Ni a ganina shekara guda ta fi, kuma ba ta da tsada: layuka 105,120, kowane alƙalami bait 8, shiga da fita, ƙasa da megabait 2 ga kowace ƙofa. Suwic mai ƙofa 48 ba zai ci megabait 100 ba. An zaɓi tsoffin lambobin nan ne a zamanin da wurin ajiya ke da tsada, babu dalilin da zai sa mu ci gaba da yin tsimi a inda bai dace ba.

Sai dai a kula, sauya saitin yau ba ya taɓa fayilolin da aka riga aka ƙirƙira. Sababbin na'urori kawai za su amfana. Tsofaffin sai an faɗaɗa su da umarnin rrdtool resize, ko a sake gina su. Kafin ka taɓa komai, fitar da kwafi da rrdtool dump ka adana a wata na'ura daban.

Manhajar Zabbix kuwa ta bi wata hanya. Tana zuba komai a rumbun bayanai, kashi biyu: History, ɗanyen karatu yadda ya zo, da Trends, taƙaitawar kowace awa mai ɗauke da mafi ƙanƙanta, matsakaici da mafi girma. Haɗarin nan akasin na farko ne, domin rumbun yana kumbura har faifai ya cika, sashen shara na manhajar ya kasa cim ma abin da ke shigowa, komai ya yi nauyi. Kada ka ba kowane abu wa'adi ɗaya. Layin da ya haɗa ka da waje da manyan hanyoyin tsakanin gine-gine su sami ɗanyen karatu na wata biyu ko uku. Ƙofar da firinta ke ciki mako guda ya ishe ta. Taƙaitawar awa-awa kuwa ba ta da nauyi, bar ta shekara biyu don ka iya kwatanta bana da bara.

Bayanan NetFlow, waɗanda ke nuna wace kwamfuta ta yi magana da wace, sun fi duka cin wuri, kuma nan maganar ta wuce ta faifai. Suna tona inda kowane ma'aikaci ko ɗalibi ya shiga da lokacin da ya shiga, amana ce a hannunka. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta yarda a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake bukatarsu ba, yayin da dokar laifukan intanet ta 2015 ta ɗora wa kamfanonin da ke ba da hidimar sadarwa ajiye bayanan zirga-zirga na shekara 2. San rukunin da kake ciki, a rubuta wa'adin, shugabanni su sa hannu, a taƙaita masu iya buɗewa. Ga ofis ko makaranta, a riƙe cikakken bayani na 'yan makonni don binciken matsala, sannan a bar jimillar da ba ta nuna kowa.

Saura agogo da wuta. In wuta ta ɗauke sabar ta mutu, ana samun giɓi, kuma a saitin da aka saba, in fiye da rabin karatun da za a dunƙule ya ɓata, dukan wannan zangon fanko zai fito. Sa sabar da na'urorin da take karantawa a kan batir. Haɗa agogonta da NTP, domin in ta farka da kwanan watan gaba ta yi rubutu ko sau ɗaya, RRDtool ba za ta ƙara karɓar karatun da lokacinsa ya gaza wannan ba. Bayan ka gama saiti, buga rrdtool info a kan fayil guda ka ƙirga layukan da idonka, sannan ka sa rana bayan kwana 45 ka buɗe zanen wata Talata da ta wuce da wata guda, ka ga ko har yanzu minti biyar-biyar yake nunawa.