Mutuwar Ƙafa Da Abin Da Ake Rubutawa A Katinka

Kowa ya sani idan mutum ya daɗe zaune bisa tabarma ya tanƙwashe ƙafa, in ya miƙe sai ya ji ta mutu, kamar ba tasa ba. Da ya ɗan taka sai ta warware. Wannan ba ciwo ba ne. Wadda muke zance a kanta ita ce ƙafar da ta mutu ta ƙi farfaɗowa kwana da kwanaki. Wani yakan ji kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarsa, wani kamar ana tsira masa allura. Wani kuwa sai ya taka ƙaya bai sani ba sai ya ga jini, ko takalmi ya zame masa a hanya bai ji ba.

To, maigida, ka sani mutuwar ƙafa alama ce kawai, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Akwai waɗansu jijiyoyi farare, dabam da na jini, sun taso daga laka cikin ƙashin baya, sun gangara har 'yan yatsu. Su ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi da suka. In wani abu ya danne su ko ya ci su, sai labarin ya yanke. Abubuwan da ke cinsu kuwa suna da yawa, kowanne da nasa magani. Dalili ke nan da ya sa in ka zo ɗakin magani, malami yakan tsare ka da tambaya, yana rubutu, tun bai taɓa kwalba ba.

Abin da za a tambaye ka

Wace ƙafa ce, dama ko hagun, ko duka biyu? Daga ina zuwa ina? Tun yaushe? Dare ɗaya ta zo, ko a hankali?

Kada ka raina waɗannan tambayoyi, kowace amsa wata hanya take nunawa. Idan ƙafafu biyu ne, abin ya fara daga yatsu yana hawa kamar safa, za a duba ciwon sukari, musamman in akwai ƙishirwa da yawan fitsari da dare. Giya ma takan jawo haka, da ƙarancin bitamin B12, da ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka mai suna isoniyazid, wanda saboda haka akan haɗa shi da bitamin B6. Idan ƙafa ɗaya ce, ciwo ya taso daga ƙugu ya bi bayan cinya, galibi jijiya ce ƙashin baya ya danne. Idan kuma akwai tabo a jiki wanda ya fi sauran fata haske, ba ka jin taɓi a kansa, lalle a duba kuturta.

Yawancin mutane suna zuwa da sunan cutarsu tun daga gida. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce iska ya taka. Ni dai shawarata, ka bar wa malami aikin sa suna, kai ka faɗi abin da kake ji. In uwargida ce ba ta da lafiya, ka bar ta ta faɗa da bakinta, domin ƙafar tata ce. In ba ka riƙe kwanan wata ba, ka ƙirga da abin da ka sani: tun Sallar Layya, tun yankan gero, kasuwa huɗu da ta wuce.

Wannan magana ta lokaci ita ce babba. Kuturta tana warkewa sarai. Ana shan magani wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take bayar da shi kyauta. Amma kashe ƙwayar cutar dabam, ta da jijiyar da ta mutu dabam. Jijiyar da ba ta wuce wata 6 da lalacewa ba, akwai wani magani da akan ƙara, sau da yawa ji yakan dawo. Wadda ta shekara, da wuya. Ka ga wanda ya ce "an dai kwana biyu" ya bar likita cikin duhu.

Sa'an nan malami zai sa ka rufe ido, ya taɓa ka da auduga ko wani siririn tsinke na roba, ka nuna inda ka ji. Zai rubuta wuraren da babu ji. Kada ka yi ƙoƙarin canka don ka fita kunya, ba jarrabawar makaranta ba ce. In ka dawo bayan wata uku, da wannan rubutu za a gwada a gane ko abin ya ci gaba ko ya tsaya.

Lambar cuta

A ƙaramin ɗakin magani da kalmomi muke rubutawa. A babban asibiti kuwa za ka iya ganin harafi da lamba a takardarka. Waɗannan daga wani kundi suke na Hukumar Lafiya ta Duniya, inda aka ba kowace cuta lambarta, don likitan Kano da na Yamai su fahimci juna ko da harshensu bai zo ɗaya ba. A bugu na 10, wanda aka amince da shi a 1990, R20.0 tana nufin fata ba ta ji, R20.2 kuma jin kiyashi ko allura. Harafin R yana cewa an ga alama, ba a riga an gano tushenta ba. In an gano, sai a sa lambar cutar kanta, watau A30 ga kuturta, E11 ga ciwon sukari irin wanda ya fi kama manya. Bugu na 11 ya fara aiki a 2022 da sababbin lambobi. Saboda haka in ka ga R, bincike bai ƙare ba. Ka koma ranar da aka ce.

Duk wata kuma akan tattara lissafin masu ciwo daga rajista a aika wa ƙaramar hukuma, daga can ya wuce jiha, har Abuja. Da irin wannan lissafi ake sanin inda za a aika da magani. Garin da kowa aka rubuta masa "ciwon jiki", wa zai san akwai kuturta a cikinsa?

Akwai lokacin da ba a jiran ranar kasuwa. In ƙafa ta mutu farat ɗaya tare da hannu, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, a nemi mota nan take sai babban asibiti. Haka nan in mai ciwon baya ya kasa yin fitsari ko ya kasa riƙe shi, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu.

Katin nan kuwa ka sa shi cikin leda, ka ajiye a akwati inda gara da ruwa ba su kaiwa. Kowa da nasa, kada a kawo yaro da katin wansa. Ranar dawowa ka zo da shi, ka haɗo da kwalayen duk magungunan da kake sha, har wanda ka saya a kasuwa da jiƙon da aka ba ka a gida.