NAZARI: Yadda Jihar Tamil Nadu ta Indiya ke tallafa wa masaƙan hannu da ƙananan masana'antu

A duk ƙasar da injinan saƙa suka shiga, masaƙin hannu ne ke fara jin jiki, domin abin da zai kwana biyu yana jefa ƙoshiya kafin ya gama, inji zai fitar da ninkinsa kafin azahar. Duk da haka akwai inda sana'ar ta ƙi mutuwa, kuma ba don sa'a ba, sai don hukuma ta tsaya mata da doka da kuɗi da kasuwa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare ita ce Jihar Tamil Nadu da ke kudancin ƙasar Indiya, wadda ake kira Jihar Madras kafin shekarar 1969. A wannan nazari za mu duba matakan da gwamnatin jihar ta ɗauka, da inda suka yi amfani, da kuma inda suka gaza, domin mai dukiya da ke tunanin zuba jari a sana'ar hannu ya san abin da ke riƙe ta da abin da ke kayar da ita.

Ko da yake nesa take da mu, 'yan kasuwar Nijeriya sun daɗe da sanin kayan wannan yanki. Yadin nan da ake kira Joji, wanda Kalabari da Ibo ke ɗaurawa a bukukuwa, asalinsa saƙar hannu ce ta ƙauyukan da ke kewaye da Madras, kuma ana danganta sunansa da sansanin Ingilishi na Fort St George da ke birnin.

Girman sana'ar

Ƙidayar masaƙan hannu da gwamnatin tarayyar Indiya ta gudanar a 1995 zuwa 1996 ta nuna cewa kimanin mutum miliyan 6.5 ne ke cin abinci a sana'ar. A ƙidayar 2009 zuwa 2010 adadin ya sauko zuwa miliyan 4.3, sa'annan a ta 2019 zuwa 2020 ya koma miliyan 3.5, waɗanda fiye da kashi 70 cikin ɗari mata ne. Ƙidayar ta ƙarshe ta kuma nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na gidajen masaƙa ba sa samun Rufi 5,000 a wata. Ke nan sana'a ce mai ɗaukar jama'a da yawa, amma ribarta ƙanƙanuwa ce ga mai yin ta, kuma kullum raguwa take yi. Jihar Tamil Nadu tana da masaƙan hannu sama da dubu 200, kuma ta yi fice da yawan waɗanda ke cikin ƙungiyoyin gama kai.

Ƙungiyoyin gama kai

Ginshiƙin tsarin jihar shi ne haɗa masaƙa cikin ƙungiyoyi. Tun a shekarar 1935, zamanin mulkin Ingilishi, aka kafa uwar ƙungiyar masaƙan lardin Madras, wadda a yau aka fi sani da suna Co-optex. A ƙarƙashinta akwai ƙananan ƙungiyoyi fiye da 1,000 a garuruwa da ƙauyuka.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ƙaramar ƙungiya ce ke sayo zare, ta ba masaƙi tare da fasalin da ake so, shi kuwa ya yi wadari ya saƙa a gidansa, ya kawo a auna a biya shi ladansa. Daga nan ƙungiya ta sayar da wani kaso da kanta, saura kuma ta miƙa wa Co-optex, wadda ke da kantuna fiye da ɗari a ciki da wajen jihar. Amfanin wannan tsari shi ne ya raba masaƙi da matsaloli biyu da suka fi ƙarfinsa, wato kuɗin sayen zare da neman mai saye. Kafin haka attajirin da ke ba shi zare bashi shi ne kuma ke karɓar yadin a farashin da ya ga dama.

Bugu da ƙari, gwamnatin jihar tana biyan rangwame a kan kayan ƙungiyoyin. A lokutan manyan bukukuwa kamar Diwali da Pongal, mai saye yakan sami ragin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma gwamnati ce ke cike wa ƙungiya babban ɓangaren wannan giɓi. Akwai kuma asusun ajiya, inda ake cire wani kaso daga ladan masaƙi, gwamnati ta ƙara nata a kai, da fansho ga wanda ya kai shekara 60.

Kariyar doka

A shekarar 1952 kasuwar saƙar hannu ta faɗi warwas a Madras, kaya suka taru ba mai saye. Babban ministan jihar na lokacin, C. Rajagopalachari, ya matsa wa gwamnatin tarayya lamba a kan ta hana manyan masaƙu yin sari da doti, wato zanen mata da mayafin ƙugu na maza, a bar wa masaƙan hannu. Ba a biya masa bukata gaba ɗaya ba, amma an taƙaita yawan dotin da manyan masaƙu za su riƙa fitarwa, aka kafa hukumar kula da saƙar hannu ta ƙasa a 1952, sa'annan a 1953 aka ɗora wani haraji a kan yadin inji domin a tallafa wa na hannu da kuɗin.

A 1985 majalisar ƙasa ta yi dokar da ta keɓe wasu kayayyaki ga masaƙan hannu kaɗai. Da farko iri 22 aka keɓe. Masu injina suka garzaya kotu, kuma sai a 1993 Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar. Shekara uku bayan haka, a 1996, gwamnati da kanta ta rage jerin zuwa iri 11.

Har ila yau akwai doka a kan zare. Masaƙin hannu yana aiki ne da zaren da aka naɗe a dunƙule mai saukin rini, alhali injina suna amfani da wanda aka naɗe a kan ƙwarƙwaro. Don kada masana'antun kaɗi su yi watsi da masaƙin hannu, an wajabta musu fitar da rabin zaren da suke sayarwa a cikin gida a irin naɗin da yake bukata. An rage wannan kaso zuwa 40 cikin ɗari a 2003, sa'annan zuwa 30 a 2019.

Doka a takarda daban, aiki da ita kuma daban. Abokin gabar masaƙin hannu na gaskiya bai zama babbar masaƙa ba, sai ƙaramin injin saƙa mai aiki da lantarki, wanda ake girkawa a cikin gida ko rumfa, irin waɗanda suka cika yankunan Erode da Salem da Coimbatore. Waɗannan injina suna kwaikwayon fasalin saƙar hannu, su sayar da araha, kuma jami'an da ke sa ido ba su da yawan da za su bi su gida gida.

Gwamnati a matsayin mai saye

A 1983 gwamnatin M.G. Ramachandran ta ɓullo da shirin raba sari da doti kyauta ga talakawa a lokacin bikin Pongal, wanda ake yi a tsakiyar watan Janairu. Manufar biyu ce: a tufatar da marasa hali, a kuma sama wa masaƙa aikin watanni. A 'yan shekarun nan abin da ake rabawa yakan haura sari miliyan 16 da doti miliyan 16 a shekara. Haka kuma ƙungiyoyin masaƙa ne ke samar da yadin kayan makaranta da ake ba yara kyauta.

A nan ne babban darasin yake. A shekarar 2002, sa'ad da baitulmalin jihar ya shiga matsi, gwamnati ta dakatar da shirin. Nan da nan kaya suka yi kwantai a rumbunan ƙungiyoyi, aka daina ba da zare, dubban masaƙa suka wayi gari ba aikin yi, har ta kai ga buɗe wuraren rabon kunun shinkafa a unguwannin masaƙa na Madurai da wasu garuruwa. Daga baya dole aka maido da shirin. Masaƙan da abin ya fi shafa su ne waɗanda suka shekara da shekaru ba su saƙa kome ba sai yadi mai araha na gwamnati, saboda haka ba su da wani mai saye, ba su kuma saba da wata saƙar ba. Wanda ya dogara da rijiya ɗaya, ranar da ta ƙafe ba shi da ta cewa.

Wani abin lura kuma shi ne, a yau mafi yawan sari da dotin da ake rabawa a kan ƙananan injina ake saƙa su, domin yawan da ake bukata da farashin da gwamnati ke iya biya sun fi ƙarfin hannu. Haka ma wutar lantarki ta kyauta: a 2006 aka fara ba gidan masaƙin hannu yunit 100 a kowane wata biyu, mai inji kuwa 500. A 2016 aka ƙara zuwa 200 da 750, a 2023 kuma zuwa 300 da 1,000. Wato gwamnati tana tallafa wa masaƙin hannu da hannun dama, tana tallafa wa abokin gasarsa da na hagu, domin dukansu talakawa ne masu ƙuri'a.

Inda saƙar hannu ta tsaya da ƙafarta

Inda sana'ar ta fi ƙarfi shi ne wajen kayan alfarma da mai saye ke neman na ainihi. Misali shi ne sarin siliki na garin Kanchipuram, wanda ake saƙa jikinsa daban, bakinsa daban, a sarƙe su da hannu, a kuma ƙawata shi da zaren azurfa mai ruwan zinariya. Tun a 1971 aka kafa kamfanin gwamnati a garin domin samar wa ƙungiyoyi wannan zare mai inganci. A 2005 aka yi wa sarin rajista a ƙarƙashin dokar 1999 mai kare sunan kayan da suka keɓanta da wani wuri, haka ma shimfiɗar Bhavani da sarin Sungudi na Madurai. A 2006 gwamnatin tarayya ta fito da tambarin da ake liƙa wa saƙar hannu don a bambanta ta da ta inji, kuma tun 2015 ake bikin ranar saƙar hannu a ranar 7 ga Agusta, wanda aka ƙaddamar a birnin Chennai.

Duk da haka matsaloli ba su ƙare ba. Ƙungiyoyi da yawa sun yi fama da jinkirin biyan kuɗin rangwame da tarin bashin banki, har a 2011 gwamnatin tarayya ta amince da shirin Rufi biliyan 38 da ɗoriya don yafe basussukan masaƙa a faɗin ƙasar. Tun watan Yuli na 2017 kuma sabon harajin kayayyaki ya hau kan saƙar hannu. Sa'annan 'ya'yan masaƙa da suka yi karatu ba safai suke komawa ramin saƙa ba.

Ƙananan masana'antu

A ɓangaren ƙananan masana'antu, jihar ta bi wata hanya dabam, wato samar da wurin aiki da rance. A 1949 aka kafa hukumar ba masana'antu rance ta jihar. A zamanin babban minista K. Kamaraj, da ministansa na masana'antu R. Venkataraman, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Indiya, aka buɗe unguwar masana'antu ta Guindy a 1958, daga bisani kuma ta Ambattur. A irin wannan unguwa gwamnati ce ke shimfiɗa hanya, ta ja ruwa da wuta, ta gina rumfuna, mai ƙaramin jari ya zo ya kama haya ko ya saya a hankali. A 1970 aka kafa hukumar SIDCO don ta riƙa gina irin waɗannan unguwanni a gundumomi.

Ita ma gwamnatin tarayya ta taɓa keɓe wa ƙananan masana'antu wasu kayayyaki. An fara da iri 47 a 1967, jerin ya haura 800, sa'annan aka riƙa zaftare shi har aka soke shi baki ɗaya a 2015. Masana da dama sun yi ƙorafin cewa keɓewar ta sa kamfanoni ƙin girma don kada su rasa gata. Amma unguwannin masana'antu suna nan suna aiki, kuma garuruwa irin su Tiruppur mai rigunan saƙa da Karur mai labule da zannuwan gado, wadda da saƙar hannu ta fara, sun zama manyan masu fitar da kaya ƙasashen waje.

Abin da ɗan kasuwa zai ɗauka

Na farko, kariyar doka ba ta dawwama. Daga 22 zuwa 11, daga rabi zuwa kashi 30, daga 800 zuwa babu: duk wanda ya gina kasuwancinsa a kan gatan hukuma, ya lissafa ranar da za a janye shi.

Na biyu, kwangilar gwamnati tana da kyau wajen fara aiki da biyan ma'aikata, amma kada ta zama ita kaɗai ce kasuwar mutum. Abin da ya faru a 2002 ya isa ishara.

Na uku, saƙar hannu ba za ta iya gasa da inji a wajen araha ba. Inda take cin riba shi ne wajen inganci da suna da shaidar asali. Wannan ya shafi saƙi da barage da tsamiya na ƙasar Hausa kamar yadda ya shafi silikin Kanchipuram, domin mai sayen babbar riga ta ainihi ba araha ya fito nema ba, tabbaci yake so cewa abin da aka ba shi ba jabu ba ne.

Na huɗu, tallafin da ya fi daɗewa yana amfani shi ne wanda ya rage wa mai sana'a tsadar aiki, wato zare a kan kari, da wuta, da wurin aiki, da kantin da zai kai kayansa. Waɗannan kuwa ba lalle sai an jira gwamnati ba. 'Yan kasuwa da masaƙa na gari ɗaya suna iya haɗa kai su sayo zare da yawa a farashin sari, su tsayar da ma'aunin inganci, su kuma sa wa kayansu tambari guda. Da irin wannan haɗin kai masaƙan Madras suka fara a 1935, kuma ƙungiyar da suka kafa tana nan tana ciniki bayan shekara 90.