Keɓaɓɓun Kalmomin Likitanci: Leƙen Hanyar Abinci

Kalmar endoskofi ta samo asali ne daga Girkanci: endon, wato "ciki", da skopein, wato "dubawa". Likita kan zura siririn bututu mai haske da kyamara domin ya ga hanyar abinci. Idan ta baki aka bi zuwa tumbi, gastaroskofi ke nan. Idan ta dubura ce zuwa babban hanji, kolonoskofi.

Fassarar kai-tsaye, wato "duban ciki", tana da harshen damo, domin "ciki" kan nufi juna biyu. Majinyaciya na iya zaton awon ciki za a yi mata, ta amince da abin da ba ta fahimta ba. Saboda haka "leƙen tumbi" da "leƙen babban hanji" sun fi dacewa.

Aiki: A kawo sunayen sassan jiki uku masu harshen damo.