Turaren fure: daga ina ƙamshinsa yake fitowa?

Jama'a, kowa ya san ƴar kwalbar turaren mai da alhazai suke kawo mana tsaraba. A darasin yau za mu ga yadda ake samun wannan mai, da yadda za mu shafa shi ba tare da ya cutar da mu ba.

A Ɗa'ifa, garin tuddai kusa da Makka, ana noman furen wardi. A watannin Maris da Afrilu ake tsinkarsa, da sassafe, domin zafin rana yana kore ƙamshi. Sai a zuba shi cikin tukunyar tagulla da ruwa, a rufe, a hura wuta. Tururi ya bi bututu ya huce, mai ya taso bisa ruwa, a yaɗe shi. Abin da ya rage shi ne ruwan wardi. Haka ake yi a Turkiyya da Bulgariya.

Kafin a sami kilo 1 na man wardi, sai an dafa fure kilo 3.000 zuwa 4.000. Saboda haka yake da tsada ƙwarai. Kwalba mai araha ta kasuwa, galibi haɗin masana'anta ce, ko da an zana fure a jikinta.

Mu ma muna da abin yi. Furen lalle yana da ƙamshi, man riɗi da man ƴaƴan zogala kuwa suna riƙe ƙamshi. A shanya furen a inuwa wuni guda, a zuba cikin kwalba mai tsabta, a rufe shi da mai. Bayan kwana 3 a tace, a sa sabon fure. A maimaita sau 3.

Mu kiyaye waɗannan:

1. Sabon turare, a ɗiga kaɗan a damtse, a jira kwana 1. In wurin ya yi ƙaiƙayi ko ƙuraje, a bar shi.
2. Kada a shafa wa jariri, kada ya taɓa ido ko gyambo.
3. Mai ciwon fuka ya nisanci ƙamshi mai ƙarfi.
4. A ajiye kwalba a inuwa, inda hannun yara ba ya kai. In yaro ya sha, kada a sa shi amai. A kai shi likita nan da nan.

Tambayoyi: Me ya sa man wardi yake da tsada? Waɗanne furanni masu ƙamshi ne a karkararku?