Idan wuta ta kama mangazar kwaperatif

Ƴan uwa manoma, gobarar mangaza ta fi gobarar rumbu haɗari. A ciki akwai maganin ƙwari, da takin zamani, da man injin ban ruwa. Hayaƙinsu guba ne. Ga abin da za ku yi:

1. Ku yi kururuwa, ku fid da mutane da bisashe. Kada kowa ya koma ciki don ceton buhu.

2. Ku tsaya gefen da iska ke fitowa, hayaƙi ya yi nesa da ku.

3. In wutar ƙarama ce, ku rufe ta da rairayi. Kada ku zuba ruwa: mai yana tasowa bisa ruwa, wuta ta bi shi ta yaɗu. Ƙwayoyin Phostoxin na adana hatsi kuma, in sun jiƙe, suna fitar da iska mai kisa.

4. In wuta ta yi ƙarfi, ku ja da baya, ku kira sojojin kashe gobara a lamba 18, ku faɗa musu kayan da ke ciki.

Wanda ya shaƙi hayaƙin, a kai shi likita ko da ya ce lafiya lau yake. Hatsin da ya tsira daga wannan wuta, kada mutum ko dabba su ci.

Tun yau, ku aje tulin rairayi da shebur bakin ƙofar mangazarku.