Bangaskiya Mai Aiki: Darasi Domin Iyalin Kirista

Karatu: 1 Sama'ila 16:1-13, Yakubu 2:1-17

Sa'ad da Ubangiji ya aiki annabi Sama'ila zuwa Baitalami domin ya shafe sabon sarki, idonsa ya fara sauka a kan Eliyab, ɗan farin Yesse, saboda tsayinsa da kyan siffarsa. Amma Ubangiji ya ƙi shi, ya zaɓi Dauda, ƙaramin cikinsu, wanda yake can wurin kiwon tumaki, gama zuciya ce Allah yake dubawa. Yakubu kuma ya tsauta wa ikkilisiyar da take ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, ta bar matalauci a tsaye. Ya nuna cewa wanda ya sallami ɗan'uwa mai yunwa da fatan alheri kaɗai, bangaskiyarsa matacciya ce.

Zanen zumuntar mata, da rigar mawaƙa, da babban Littafi Mai Tsarki a hannu ranar Lahadi, duk suna da kyau. Amma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A watan Agusta na 2014 garin Gwoza ya faɗa hannun Boko Haram, Bama kuma ta biyo baya a watan Satumba. Dubban mutane suka gudo Maiduguri, yawancinsu kuwa ba a sansani suka sauka ba, a gidajen 'yan'uwa da na maƙwabta suka sami mafaka. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na birnin. A waɗannan kwanaki babu wanda ya tambayi irin tufafin mai taimako. Tabarma, da kwanon tuwo, da buɗaɗɗiyar ƙofa su ne suka yi wa'azi.

Wannan gwaji bai ƙare ba ga iyalin da ke zaune a Moduganari. Har yanzu akwai gwauruwa mai neman kuɗin haya, akwai maraya da aka koro daga makaranta, akwai maƙwabci Musulmi da ke kwance ba lafiya. Yara kuma suna kallo. Uban da yake jagorar addu'ar safe, amma yana tauye mudu a kasuwa ko yana riƙe haƙƙin ɗan aikinsa, yana koya wa 'ya'yansa riya. Ayyuka ba sa sayen ceto, gama ceto kyautar alheri ce ta wurin Yesu Almasihu, amma su ne 'ya'yan da ake gane itacen da su.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Wane ne iyalin yake girmamawa saboda tufafinsa, wane ne kuma yake rainawa?
2. Wane maƙwabci ne yake bukatar taimako a wannan mako, me kuma za a kai masa?

Addu'a: Bari Ubangiji ya ba kowane gida zuciyar da ayyukanta za su shaida sunansa. Amin.